Ina Littafin Ma'aji?

Damina ta ƙarato, ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni sun fara shelar aikin gayya: yashe magudanan ruwa, gyaran kwalbati, cike kaburburan da suka rufta a maƙabarta. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai duk mai lura zai ga cewa da yawa daga cikin ƙungiyoyin da suka yi wannan aiki a shekarun baya yau babu labarinsu.

Mutanenmu ba marowata ba ne wajen aikin alheri. Matsalar tana farawa ne bayan an tara kuɗin. An buga kalanda, an yi taron ƙaddamarwa, masu hali sun ba da gudummawa, 'yan ƙungiya suna biyan kuɗin wata-wata. Duk wannan yana shiga aljihun ma'aji, babu rasit, babu asusun banki. Ranar da wani matashi ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita," sai a ce ba shi da kunya, yana zargin manya. Sau da yawa ma ma'ajin bai ci ko kwabo ba, rubutawa ne kawai bai yi ba. Amma zargi ya riga ya shiga, kowa ya fara janye jiki ba tare da an yi faɗa ba, har taro ya koma daga shugaba sai aminansa.

Shugaban kuma ya mai da kujera sarauta, sai mutuwa.

Mu dubi FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Minna a 1985. Amirarta ta farko, marigayiya Hajiya Aisha Lemu, ta yi wa'adinta ta sauka, Alhaja Lateefa Okunnu daga Legas ta karɓa. Tun daga nan amirai ke zuwa suna wucewa, ƙungiyar na nan da makarantunta da asibitocinta a jihohi daban-daban. A ganina, saukar Amirar farko tana da rai da lafiya na daga cikin manyan dalilan wannan ɗorewa, domin ta nuna wa kowa cewa ƙungiyar ba mallakar mutum ɗaya ba ce.

Na san za a ce ƙungiyar unguwa ba ta kai wannan ba. To, littafi ɗaya da biro nawa ne? Asusun da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire kuɗi bai fi ƙarfin kowa ba.

Shugabannin ƙungiyoyinmu, kafin ku fito da shebur da baro a bana, ku kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa, ku kuma sa ranar zaɓe.