Mmuock da matsalar rubuta karin sauti

A tsaunukan Lebialem da ke Kudu maso Yammacin Kamaru, inda ake noman dankalin Turawa, ake magana da Mmuock, ɗan dangin harsunan Bamileke, makusancin Yemba da Ngwe. Yaro yana jin sa a gida, amma a makaranta Ingilishi ne, a kasuwa kuma Pijin. Wanda ya tashi rubuta shi da boko sai ya ci karo da karin sauti, domin hawa ko saukar murya kan sauya ma'anar kalma. Mu Hausawa mun san wannan: "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye rubutunsu ɗaya ne, mun bar wa jimla ta raba gardama. Harsunan Bamileke ba sa ɗaukar wannan sakaci, don a Yemba har lokacin aikatau karin sauti kan nuna. Shi ya sa nake ganin abacadan bai-ɗaya na harsunan Kamaru, na 1979, ya yi daidai da ya tanadi alamomi a kan wasula, da haruffa irin ɛ, ɔ da ŋ. Sai dai a waya fa? Mu ma ƙ da ɗ har yau wasu sun kasa samo su a madannai.