Jak A Saya, Matokari A Ƙera, Bulo A Bar Wa Magina

Daga Malamin Gona

Jama'a, yau za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu yi na motar da ke kwaso amfanin gona, da yadda za a ɗaga ta kada ta danne kowa.

Tun da aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, mota ta yawaita a fadamar Rima. Inda da jaki da amalanke kaɗai ke shiga, yanzu har da akori-kura da tarakta. Mota kuwa ba ta zaɓen inda za ta yi faci. Sau da yawa a tsakiyar fadama ne, da kaya a kanta, ga rana tana shirin faɗuwa. Sai ka ga an kafa jak bisa laka, an jero bulo biyu, an ce wa yaron mota, "Shiga ka duba." Mai mota yana tsaye gefe, ɗan wani yana kwance ƙarƙashin ƙarfe.

Manoma da 'yan kasuwa sun sha tambayata, shin kayan ɗaga mota saye ya fi, ko a kai wa mai walda ya ƙera? Amsata ita ce kayan nan iri huɗu ne, kowane kuwa da hukuncinsa.

Na fari jak. Wannan lalle a saya, kada a yarda da na ƙira. Jak mai aiki da mai, abin da ke riƙe da nauyin duka ɗan mai ne da wata 'yar roba da ke tsare shi. Ran da robar nan ta gaji, sai jak ya sauka, ba sallama. Saboda haka aikin jak ɗagawa ne kurum, riƙewa ba tasa ba ce. In za ka saya ka duba nauyin da aka rubuta a jikinsa. Akori-kura irin Hilux wajen tan 2 ce ba kaya. Ɗora mata buhu 20 na shinkafa mai kilo 50, ka ƙara tan guda ke nan, yawancinsa kuwa bisa ƙafafun baya. Ɗan jak ɗin da ke zuwa cikin ƙaramar mota bai isa wannan aiki ba. In hali ya yi ma, a sauke kaya tukun.

Na biyu matokari, watau ƙafar ƙarfen nan da ake sa wa mota ta zauna a kai bayan an ɗaga ta. Nan ne gardama take. Waɗansu sun ce na kanti ya fi, don daga ƙasar waje ya zo. To, ku ji wannan. A 2020 wani babban kamfanin sayar da kayan aiki a Amurka, Harbor Freight, ya yi shela a komo masa da matokarai wajen miliyan 1.7, don an gane haƙorin da ke riƙe tsawonsu yana iya zamewa da mota a kai. Waɗansu daga cikin waɗanda ya bayar a madadinsu ma sai da ya sake karɓe su, don an sami aibi a waldarsu. In haka ta faru a inda hukuma ke bin sawun kaya, ina ga wanda ya iso kasuwarmu ba suna ba takarda? Kuma ku sani, sau da yawa nauyin da ake rubutawa a jikin matokarin kanti na guda biyu ne a haɗe.

Ni dai a ganina matokari mu ƙera a gida, amma da sharaɗi. A yi shi da tsawo guda tsayayye, ba haƙori, ba abin ƙara tsawo, gama abin da ke motsi shi ke cin amana. Mai bukatar tsawo biyu ya yi iri biyu. A nemi sabon ƙarfe mai kaurin kwatan inci. Kada a karɓi rodin gini, ko bututun ruwa, ko guntun da tsatsa ta ci. Gindinsa ya yi faɗi, tsawonsa kada ya wuce faɗin gindin sau biyu, a kuma ɗaure ƙafafunsa da juna ta ƙasa don kada su baje. Kansa ya zama da ɗan kwarmi inda ƙarfen mota zai zauna. Walda ta zagaye kowace mahaɗa, ba ɗigo-ɗigo irin na ƙofar shago ba. In an gama, a gwada shi ƙarƙashin mota mai cikakken kaya, a jijjiga ta, kowa yana waje. In ya lanƙwashe ko kaɗan, a mayar.

Na uku shi ne dogon ƙarfen nan mai kama da guntun kwangiri, wanda a Turai da Amurka ake ɗaurawa ƙarƙashin gefen mota don a kafa jak ko'ina a tsawonsa. Akawuna da malamai masu ƙananan motoci su ne wannan ya shafa. Akori-kura da babbar mota suna da shasi, shi ne kwangirinsu, ba su bukatar wani. Ƙaramar mota kuwa ba ta da shi, jikinta falle ne, wuri huɗu kaɗai masu ita suka ƙarfafa don jak, biyu bayan ƙafafun gaba, biyu gaban na baya, da alama a kowane. Na sayarwa ana yinsa ne daidai da kowace irin mota, da ramukan noti nata, samunsa a nan kuwa da wuya. Na ƙira kuma ban ba da shawararsa ba. Ta ƙarƙashin nan bututun fetur da na birki ke bi, wutar walda ba ta da aboki a wurin. Yawancin motocin Kwatano kuma tsatsa ta riga ta ci gefensu, ƙarfe mai kauri bisa ruɓaɓɓen falle kuwa kamar sabon ƙyaure ne a zanan da gara ta cinye. Abin da ya fi, a sami guntun itace mai tauri, a tsaga masa layi a ka, a sa shi tsakanin jak da wurin alamar nan.

Na huɗu katako da waiji. Waɗannan ko masassaƙin ƙauye ya iya. Gindin jak bai fi inci 4 da inci 5 ba, watau inci 20 murabba'i. Katako mai ƙafa guda kowane gefe inci 144 ne. Ka ga nauyi ya bazu fiye da sau bakwai, laka ba za ta haɗiye jak ba. Kaurinsa ya kai inci biyu, a yi shi da ƙirya ko maɗaci. Matokari ma a shimfiɗa masa nasa. Waiji biyu kuma, gaba da bayan ƙafar da ke ƙasa, a ja birkin hannu, a bar mota cikin giya. Mai tarakta ya tuna gatarin ƙafafunta na gaba yana lilo a tsakiya, sai an cusa itace kowane gefe kafin a cire ƙafar baya, in ba haka ba ta kife.

Bulo fa? Yashi ne da ɗan siminti, ga rami a ciki. Itace in zai karye yakan yi ƙara ya ba ka zarafin fita. Bulo sai dai ka ji mota a ƙirjinka.

Na san wani zai ce, "Shekara ashirin ina aiki da bulo, ba abin da ya same ni." Gaskiya ne, amma sau ɗaya tak ake bukata. Wani kuma zai ce ba kuɗi. To, a kwatanta kuɗin matokarai biyu da katako da kuɗin jinyar mai karyayyen baya, da damina guda ba mai noma a gida. In mutum ɗaya bai iya ba, ƙungiyar manoma ko 'yan tasha su haɗa su ajiye na kowa.

Ina roƙon hukumar aikin gona ta jiha, KARDA, ta haɗa kai da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, su zana awo guda na matokari, su gwada shi, su koya wa masu walda na Birnin Kebbi da Argungu. Kafin nan, kai mai mota, in ba za ka yarda ɗanka ya shiga ƙarƙashinta ba, kada ka tura ɗan wani.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.