Tsatsa, ɓarauniyar kwanon rufi

Daga Maraɗi zuwa Tibiri da Jiratawa, kowace damina kwanon rufi yana ƙara ja. Idan ƙarfe ya jiƙe, sai ya miƙa wa iskar oksijan ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektaron. Masana suna kiran bayarwar oksidasiyo, karɓar kuwa reduksiyo. Kamar saye da sayarwa ne, ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗayan.

A 1837 Bafaranshe Sorel ya yi rajistar dabarar lulluɓe ƙarfe da zinki, wanda ke riga ƙarfen bayarwa, ya ci maimakonsa. Saboda haka mai saye ya tambayi kaurin zinkin kafin farashi: siriri ba ya jimawa. Araha ba ta ado.