GIDAN GYARAN HALI KO KABARIN MASU RAI?

A shekarar 2019 mahukunta suka canza wa kurkuku suna, wai shi "gidan gyaran hali". To, halin wa za a gyara? Kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya ba a yanke masu hukunci ba. Jiran shari'a kawai suke yi, alhali tsarin mulkin 1999 da su mahukuntan suka rubuta ya ce wanda ake zargi ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar.

Dubi yadda bayin Allah suke rayuwa. Ɗaki cunkushe, kwana a kan haƙarƙari ɗaya, bokitin bayan gida a kusurwa, ga ƙazuwa, ga kuɗin cizo, abinci kuwa gabza. A Disambar 2023 shugaban gandirobobi ya shaida wa majalisar dattawa cewa ana ciyar da fursuna da naira 750 a rana, karen hukumar kuwa naira 800. Kare ya fi ɗan Adam!

Ranar kotu ta zo, a ce babu mota, ko alƙali bai zauna ba, ko fayil yana ma'aikatar shari'a. Haka talaka zai share shekarun da suka wuce hukuncin laifin da ake tuhumarsa da shi. Ɓarawon biliyoyi kuwa, belinsa kafin la'asar.

'Yan'uwa matasa, galibin waɗannan sa'o'inku ne. Ku ziyarce su, ku kai masu abinci da sabulu, ku bi diddigin shari'arsu, ku tsaya wa marasa gata beli. Shiru a kan zalunci taya azzalumi ne.