Sudan: Fau, mazaɓar da rabonta da akwatin zaɓe tun 2015

Matashin da ya cika shekara 18 a garin Fau a ƙarshen 2015 ya doshi shekara talatin a yau, kuma bai taɓa dangwala ƙuri'a ba. Rabon wannan yanki na jihar Gadarif, a gabashin Sudan, da ganin akwatin zaɓe tun watan Afrilun 2015. Majalisar dokokin jihar da aka zaɓa a lokacin ta rushe tare da mulkin Umar al-Bashir a 2019, kujerun Fau a cikinta kuwa babu wanda ya sake zama a kansu.

Fau ba wani babban birni ba ne, amma matsayinsa ya fi girmansa. Yana bakin titin da ya taso daga Wad Madani zuwa Gadarif, ya zarce Kassala da Port Sudan. A nan ne hedikwatar shirin noman rani na Rahad, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, mai faɗin kimanin hekta dubu 126, inda ake noman auduga da gyaɗa da dawa. Ƙauyukan shirin da lamba ake kiransu, kuma sun ratsa iyakar jihohi biyu, Gadarif da Jazira. Mutanen da ke ciki gauraye ne: Larabawan Butana irin su Shukriyya, da waɗanda suka zo daga yammacin Sudan, da Hausawa da Fulani da Barebari, jikokin mahajjata da masu hijira daga ƙasashen da a yau ake kira Najeriya da Nijar da Chadi.

Tarihin zaɓen majalisar jiha a wannan yanki gajere ne ƙwarai. Ita kanta jihar Gadarif sai a 1994 aka ƙirƙiro ta, lokacin da gwamnatin Bashir ta raba ƙasar zuwa jihohi 26. Kafin nan daga Kassala ake mulkin yankin. Zaɓen jam'iyyu na ƙarshe kafin juyin mulkin 1989 shi ne na 1986, kuma na majalisar ƙasa ne, inda jam'iyyar Umma ta Sadiq al-Mahdi da DUP ta gidan Mirghani suka fi kowa kujeru. Ko bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005, 'yan majalisun jihohin arewa naɗa su aka yi bisa kaso: kashi 70 cikin ɗari na jam'iyyar NCP mai mulki, kashi 10 na SPLM, sauran na ragowar jam'iyyu. Yarjejeniyar Asmara ta 2006 ta ƙara wa tsoffin 'yan tawayen gabas nasu kujerun. Wato wanda ke magana da sunan Fau, a teburin sulhu aka tsaga masa kujera, ba a rumfar zaɓe ba.

Sai a watan Afrilun 2010 mutanen Fau suka zaɓi 'yan majalisar jiha a ƙarƙashin tsarin jam'iyyu da yawa. Dokar zaɓe ta 2008 ta ware kashi 60 cikin ɗari na kujeru ga mazaɓu, kashi 25 ga jerin sunayen mata, kashi 15 ga jerin sunayen jam'iyyu. Mai zaɓe a arewacin Sudan takardun ƙuri'a takwas aka miƙa masa a rana guda: ta shugaban ƙasa, ta gwamna, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar jiha. Ga manomin da bai taɓa yin zaɓe ba, ko wanda rabonsa da yi shekara 24, mafi sauƙi shi ne ya nemi alama ɗaya ya bi ta sau takwas, kuma alamar da ta fi cika gari ita ce bishiyar NCP. Jam'iyyar Umma ta janye, DUP ta tsaya ta sha kaye, NCP ta kwashe majalisar Gadarif da kujerar gwamna. Masu sa ido na Tarayyar Turai da Cibiyar Carter sun ce zaɓen bai kai ma'aunin ƙasa da ƙasa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi zaɓen kansa koyar da darasi. Gwamnan da aka zaɓa, Karamallah Abbas, ɗan NCP ne kuma jagoran manoma, amma ya ɗauki ƙuri'un da ya samu da muhimmanci fiye da yadda jam'iyyarsa ta so. Ya fito fili yana zargin ma'aikatar kuɗi ta tarayya da riƙe wa jihar haƙƙinta, ga shi Gadarif ce rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Rikicin ya ƙare da saukarsa a 2012. A watan Janairun 2015 aka yi wa tsarin mulki gyara, aka soke zaɓen gwamnoni baki ɗaya, shugaban ƙasa ya koma naɗa su. Daga nan majalisar jiha ta zama mai sa ido kan gwamnan da ba ita ta kawo shi ba, ba kuma talakawa ba.

Zaɓen 2015 bai ɗauki hankalin kowa ba. Manyan 'yan adawa sun ƙaurace, hukumar zaɓe ta ce kashi 46 cikin ɗari ne suka fito, Bashir ya samu kashi 94. An rage kason mazaɓu zuwa rabin kujeru, NCP kuma ta bar wasu mazaɓun da gangan ga ƙananan jam'iyyun da ke ƙawance da ita. Duk da haka jihar ta ɗan nuna hali: a Fashaga, kan iyakar Habasha, ɗan takara mai zaman kansa Mubarak al-Nur ya ci kujerar majalisar ƙasa.

Ana iya cewa majalisar da ba ta da haƙori, rashinta ba asara ba ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin abin da ya fi damun manomin Rahad, wato ruwan da ake turowa daga kogin Nil mai shuɗi, da yashe magudanai, da bashin noma, da farashin auduga, yawanci ba a Gadarif ake yanke shi ba. Amma ɗan majalisa, ko mai rauni ne, ƙofa ce da kowa ke iya ƙwanƙwasawa ba tare da an tambaye shi asalinsa ba. Da ƙofar ta rufe, sai aka koma ga sarakunan gargajiya, inda girman murya ya danganta da wanda ake ɗauka mai ƙasa.

A nan ne maganar ta shafi Hausawa kai tsaye. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa shi ko kakanninsa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wannan ya bar dubban iyalai a waje, har da zuriyar waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Dokar 1994 ta dawo da sharaɗin zuwa 1956, mutane da dama suka samu takardu, da takardun kuma suka samu ƙuri'a. A zaɓe, yawan Hausawa jari ne da 'yan siyasa ke nema. A tsarin sarauta kuwa, ana iya ce musu baƙi. Rikicin jihar Nil mai shuɗi na watan Yulin 2022, wanda ya taso kan neman masarautar Hausawa, ya kuma jawo zanga-zanga har Gadarif da Kassala, ya faru ne a ƙasar da babu majalisa ko ɗaya da za a kai irin wannan ƙorafi. Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta 2019 ta yi alkawarin majalisar ƙasa mai kujeru 300 cikin kwana 90. Har sojoji suka yi juyin mulki a watan Oktoban 2021 ba a kafa ta ba.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya mayar da Fau bakin daga. Da dakarun RSF suka kama Wad Madani a watan Disamban 2023, ta wannan titi dubban ɗaruruwan mutane suka gudu gabas, kuma a Fau sojoji suka ja layi. Daga nan ne ɗaya daga cikin rundunonin da suka ƙwato Wad Madani a watan Janairun 2025 ta taso. A cikin wannan makon, a Kambo Tayba da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Umm al-Qura, an kashe aƙalla mutum 26, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito, ta kuma ɗora alhakin a kan mayaƙan Abu Aqla Kaikal masu mara wa sojoji baya. Waɗanda aka kashe mazauna kanabi ne, matsugunan 'yan ƙwadagon gona waɗanda ba su da filin kansu, waɗanda sau da yawa taswirar hukuma ba ta san da su ba.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan yanayi, tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohin Nijar a watan Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi. Bambancin shi ne a Sudan an daɗe, kuma an haɗa da yaƙi.

Gwamnatin Janar Burhan ta gyara takardar riƙon ƙwarya a watan Fabrairun 2025, ta tsawaita wa'adin da wata 39, ta kuma naɗa Kamil Idris firaminista a watan Mayu. Ana maganar zaɓe a ƙarshen wa'adin. In ranar ta zo, gardamar farko a Fau ba za ta zama kan 'yan takara ba. Mazaɓun 2010 da 2015 an shata su ne bisa ƙidayar 2008, wadda ta ba jihar Gadarif mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da 'yan kai, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Sai an yanke ko 'yan gudun hijirar Jazira da suka zauna za su yi rajista a Fau, ko za a lissafa mazauna kanabi a cikin mazaɓar da suke yi wa noma, da kuma yadda za a yi da wanda takardunsa suka ƙone ko suka ɓace a hanya. Hukumar zaɓen da za ta yanke wannan ma ba a kafa ta ba tukuna.