Hirar Ɗan Fansho Ba Surutu Ba Ce

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, a wannan fitowa ina so in yi magana a kan wani mutum da ba a rasa shi a kowace unguwa, wasunku ma a gidanku yake. Shi ne dattijon da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ko ya cika shekara 60 da haihuwa, aka ba shi takardar ritaya ya dawo gida. Da hantsi za ka same shi a ƙofar gida bisa tabarma, ga rediyo, ga buta. In ka zauna, hirarsa ba ta wuce ta 'ya'ya da jikoki, da ciwon gwiwa, da sanyin bana, da abin da BBC ta faɗa da asuba. Yara sukan sulale, manya ma sai su ce, "To, Baba ya fara." Ni a ganina wannan hira ba surutun tsufa ba ce, kuma gidan da ya toshe kunnensa shi ke da asara.

Ku duba abin da idon mutumin nan ya gani. Wanda ya kama aiki a farkon shekarun 1970, da fam da sule aka soma biyansa albashi. A 1973 aka canja kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. A shekarar ce kuma aka yi babban fari, shanu suka yi ta mutuwa, Buzaye suka gangaro garuruwanmu neman abinci. Ya ci kuɗin Udoji a 1975, lokacin da ma'aikata suka wayi gari da ariyas a hannu, aka yi ta sayen babura da rediyo, kasuwa kuwa ta ɗaga farashi ba ta sake saukewa ba. A 1984 ya ga wani farin, ya kuma bi layin banki da gwamnatin soja ta canja launin naira. Saboda haka da takardun kuɗi suka yi wuya a farkon 2023, aka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, shi kaɗai ne a gidan da ya taɓa ganin makamancin haka. In ya ce a sayi gero da masara tun da kaka a ajiye, kada a jira bazara, ba rowa ba ce kuma ba tsoro ba ne. Ya san yadda farashin tiya yake hawa kafin sabon hatsi ya shigo. Wane littafin makaranta ne zai ba ku wannan?

Sai maganar ciwo, wadda ta fi gundurar mutane. Dattijo Bahaushe ba ya cewa kai tsaye, "Ku kai ni asibiti." Kunya da kara ba za su bar shi ba, musamman in ya san aljihun ɗansa. Sai dai ya ce sanyin bana ya fi na bara, ko jiya bai runtsa ba. Wanda ya saurara zai gane roƙo ne. Hunturu yana wahalar da tsofaffi ƙwarai: ƙura tana tayar da tari da asma, sanyi yana kama gaɓoɓi. A nan ina jan kunnen iyaye mata, don Allah kada a sa masa kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci. A dafa masa ruwan alwala, a ba shi bargo, ya fi. Da bazara kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an riƙa miƙa masa ruwa. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama. In likita ya ɗora shi a kan magani, ba a dainawa don an ji sauƙi. Nawa ne suka daina don kuɗi sun yanke, suka yi shiru, sai shanyewar ɓarin jiki ta tona asirin?

Kuɗin kuwa shi ne tushen shirun. Tun 2004 aka sauya tsarin fansho na tarayya, aka koma na adashi, aka sake gyara dokar a 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba kashi 10. Amma tsofaffi da yawa, musamman na jihohi da ƙananan hukumomi, sun sha jiran giratuti shekara da shekaru, ga kiran tantancewa, mutum da sanda yana tsaye a rana don ya nuna yana raye. Wannan abin kunya ne ga hukuma, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai mu ma akwai namu. Na sha jin ana cewa, "Ai Baba yana da fansho," a janye hannu, alhali abin da yake karɓa bai kai kuɗin maganinsa na wata ba. Wanda ya yi maka ɗawainiya tun kana goye, yau a ce shi kaɗai zai hau A-daidaita-sahu ya tafi tantancewa, ga samari a gida suna latsa waya? Haba jama'a!

Ku kuma ɗalibai, ga aikinku kafin fitowa ta gaba. Kowa ya samu kakansa, ko wani dattijo maƙwabci, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi nawa ne albashinsa na farko, me ya saya da shi, kuma me gidansu suka ci a shekarar farin 1973. A rubuto da ajami ko da boko, shafi ɗaya ya isa, a kawo wa malamin aji ranar Asabar. Kada a manta a nemi izininsa kafin a sa sunansa.

Wassalamu alaikum.