Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Hutun da ya wuce a gida na yi shi, a Bana. Wani malaminmu ya sa mana aiki a dandalin karatu na intanet, ya ce a mayar kafin sha biyun daren Lahadi. Na sayi forfe na dala ɗari, na fita bayan gari inda rezo ke ɗan kamawa, na zauna gindin giginya. Shafin ya yi ta juyawa. Tambarin kamfanin ya buɗe, wani bidiyon maraba ya fara motsi, kafin in kai ga wurin da ake ɗora aikin, forfe ya ƙare. Kawuna da ke dawowa daga fadama ya tsaya kaina ya ce, "Kai ɗana, mi kake biɗa cikin wayag ga tun la'asar?" Na ce, "Makaranta nake nema, Kawu." Ya ce, "Makarantar taku ba ta da ƙofa?" Na yi dariya. Da ya wuce sai na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Ƙofa akwai ta, makullin ne ba ya hannunmu.

Ba zan kama sunan makarantar ba, don matsalar ba tata ba ce ita kaɗai. Tun da cutar korona ta rufe azuzuwa a watan Maris na 2020, kowace jami'a ke neman dandalin da za ta zuba darussa, ta karɓi aikin ɗalibai, ta ajiye maki. Ana zama a ofis a zaɓa, mu kuma sai dai mu ga sanarwa a allo: ga adireshi, ga lambar sirri, ku shiga. Kamarad, wa ya taɓa tambayarka kafin a zaɓa? Alhali kai za ka sayi forfe, kuma sunanka da makinka ne za a zuba ciki.

Danduna iri biyu ne. Akwai na kamfani, irin su Blackboard da Google Classroom. Kamfanin ne ya ƙera, shi ke riƙe da asirin ƙirar, kuma galibi a rumbun kwamfutocinsa ake ajiye kome. Jami'a haya take yi, ko da kuɗi ko da sunan kyauta. Akwai kuma buɗaɗɗu, irin su Moodle da Chamilo da Open edX. Su rubutun ƙirarsu a fili yake, lasisinsu ya ba kowa damar ɗauka, ya girka a kwamfutarsa, ya gyara, ya ƙara, ba tare da neman izinin kowa ba. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: jami'ar gwamnati a Nijar ta ɗauki buɗaɗɗen dandali, ta ajiye shi a ƙasarta, ta biya mutanenta su kula da shi.

Mu ƴan yankin Gaya ba ma bukatar a yi mana lacca kan abin da ake nufi da makulli a hannun wani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga wata. Gadar da ke tsakaninmu da Malanbil ta rufe, manyan motoci suka yi layi, mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Najeriya, wadda a lokacin take ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran, ta yanke layin da ke tasowa daga Birnin Kabi. Hada-hadar kuɗi da waje ta yi wuya. Ba siyasar abin nake son mu tattauna ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da nake tambaya shi ne: a irin wannan wata, jami'ar da lasisinta ya ƙare, kuma sai ta tura Yuro ko dalar Amurka kafin a sabunta mata, yaya za ta yi? Darussan da malamai suka shekara suna rubutawa suna can cikin rumbun wani, a wata nahiya.

Kada wani ya ce tsoro nake ƙirƙira. A watan Janairun 2014, Coursera ta toshe ɗalibai a Iran da Sudan da Kuba, saboda dokokin takunkumin Amurka. Waɗannan ɗalibai ba su yi wa kowa laifi ba, sun tashi da safe ne suka tarar darasi ya kulle. Kamfani yana bin dokar ƙasar da aka yi masa rajista, kuma ranar da dokar ta juya maka baya, ba wanda zai saurari kukanka daga Bana.

Ko babu takunkumi, akwai igiya. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga matsala, har da mu. A 2021 ma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula kusan kwana goma. Idan rumbun darasi yana cikin harabar jami'a, ɗalibin da ke wurin zai iya shiga ta wifi na cikin gida ko da duniya ta katse. Idan yana Turai ko Amurka, to kai da malaminka kuna iya zama ɗaki ɗaya, amma sai saƙonka ya tsallaka teku ya dawo kafin ya isa gare shi.

Sai maganar kyauta. Za a ce Google Classroom ba a biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shekaru da dama Google ya bar wa makarantu wurin ajiya marar iyaka, jami'o'in duniya suka zuba kayansu. A 2021 ya sanar cewa zancen ya ƙare, daga Yulin 2022 kowace makaranta tana da ma'auninta, mai son ƙari ya biya. Manyan jami'o'i masu kuɗi suka shiga share fayiloli. Kamfanin bai karya doka ba, gidansa ne. Mai gida in ya ga dama ya ƙara haya, ɗan haya sai ya biya ko ya kwashe kayansa.

Kuma gidan ma yakan canja mai shi kana ciki. Blackboard, wanda aka kafa a 1997, ya saye abokin hamayyarsa WebCT, daga baya ya saye Angel a 2009, jami'o'in da suka guje shi suka farka suka gan su a hannunsa. A 2006 ya kai kamfanin Desire2Learn kotu, yana iƙirarin cewa shi ke da haƙƙin mallakar wasu dabarun koyarwa ta intanet. Kotu ta ba shi dalar Amurka miliyan 3.1 a 2008, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Instructure, mai Canvas, ƴan jari-hujja sun saye shi a 2020, wasu suka sake saye a 2024 kan dala biliyan 4.8. Wanda ya zuba wannan kuɗi yana jiran riba, kuma daga aljihun makarantu za ta fito. Ku duba labarin edX: jami'o'in Harvard da MIT suka kafa shi, aka sayar wa kamfanin 2U a 2021 kan dala miliyan 800, a 2024 kamfanin ya shiga kotun masu karyewar jari. Amma manhajar Open edX, da yake a buɗe aka sake ta tun 2013, duk wanda ya girka ta a gidansa ya ci gaba da aikinsa.

Moodle kuwa wani ɗan Ostareliya ne, Martin Dougiamas, ya fito da shi a 2002. Mutumin ya tashi a hamadar ƙasarsu, nesa da kowace makaranta, ta rediyo ya yi karatun farko. Ya san ciwon nisa. Manhajar Moodle ta salula tana barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da ya samu rezo, ya karanta daga baya ba tare da intanet ba. Ɗan Bana ko Bengu ko Tunuga da ya shigo Gaya ya samu rezo mai ƙarfi zai iya kwashe darasin mako guda ya koma gida. Kuma tun da ƙirar a buɗe take, babu mai hana mu rage mata nauyi, mu cire hotunan ado, mu fassara maɓallanta zuwa Hausa ko Zarma.

Yanzu bari in ba masu ɗaya ra'ayin haƙƙinsu, don suna da hujja. Suna cewa: kun ce buɗaɗɗe, to wa zai kula da shi? Gaskiya ne. Manhajar kyauta ce, riƙonta ba kyauta ba ne. Ana bukatar kwamfutar rumbu, ɗaki mai sanyi, kuran da ba ya yankewa, da ma'aikacin da zai tashi tsakar dare in abu ya tsaya ana jajibirin jarrabawa. Mun san yadda abin ke faruwa: wani shiri na ƴan ba da tallafi ya zo, a girka Moodle, a yi bikin buɗewa da lemo da hotuna, shekara biyu kuɗin ya ƙare, injiniyan ya samu aiki a wani wuri, lambar sirrin ta tafi da shi. Dandalin da ba a sabunta shi ba ƙofa ce buɗe ga ɓarayin intanet. A irin wannan hali, shugaban jami'ar da ya ce gara ya biya kamfani ya huta ba wawa ba ne.

Amsata ita ce a bi sawun kuɗin. Lasisin kamfani kowace shekara ake biya, da kuɗin waje, Yuro ɗaya kusan sefa 656. Shekara goma ka biya, ranar da ka daina ba ka da kome a hannu. Kuɗin nan in aka mai da shi albashin injiniyoyi biyu ko uku, da faifan sola da batura, bayan shekara goma kana da mutane da suka iya aikin, da kayan da suke naka. Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 an ɗora ta ne kan fannin fasahar zamani. Yaran da ke fitowa daga can da Yamai da Maraɗi da Damagaram, ina za su gwada hannunsu in duk aikin da ya dace da su an ba wa kamfanin waje? Muna horar da makanikai, sannan muna hayar motar da aka hana buɗe injinta. Batun kuran ma ba sabo ba ne gare mu. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, rayuwarsa ya ƙarar kan binciken makamashin rana. Abin kunya ne a ce rumbun darasi ya mutu don rashin wuta a ƙasarsa.

Kuma ba dole kowace jami'a ta yi nata ita kaɗai ba. Jami'o'in gwamnati suna iya haɗa hannu, su riƙe rumbu ɗaya da ma'aikata ɗaya, da kwafi a wani gari don gudun gobara. In aikin ya yi nauyi, ana iya ba wani kamfani kwangilar kula da Moodle. Bambancin shi ne, ranar da ya gaza, ka sallame shi ka kira wani, darussanka na nan yadda suke.

Mu ma ɗalibai a faɗa mana gaskiya. Dandalin da muke karatu da shi na haƙiƙa WhatsApp ne. Can ake tura hoton darasi, can delege ke sanar da canjin aji. Yana da sauƙi, ba ya cin forfe sosai, shi ya sa ya ci kasuwa. Amma wanda aka sace wa waya ya rasa darasin zango guda, wanda aka cire daga gurup ya zama kamar an kore shi daga aji, kuma lambar kowace ɗaliba tana hannun duk wanda ya shiga. Duk dandalin da jami'a za ta kawo, in bai kai WhatsApp sauƙi ba, za mu gudu mu bar shi, ko buɗaɗɗe ne ko na kamfani. Wannan gargaɗi ne ga masu goyon bayan Moodle irina.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, ta bakin ƙungiyoyinmu na USN da wakilanmu a majalisun jami'a. A sa ɗalibai cikin kwamitin da ke zaɓen dandali, har da waɗanda iyayensu ke ƙauye. Kafin a sa hannu, a gwada shi da ƙaramar waya mai araha, a wuri irin Bana, a ƙirga mega nawa ake ci kafin a mayar da aiki ɗaya. A liƙa kwangilar a allo: nawa ake biya, shekara nawa, da wane kuɗi. A gaya mana ƙasar da ake ajiye sunayenmu da makinmu, tun da Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. A rubuta yadda za a kwashe darussa gaba ɗaya ranar rabuwa. In buɗaɗɗe aka zaɓa, a nuna mana layin albashin masu kula da shi cikin kasafin jami'a, kada a jingina shi ga tallafin da zai ƙare.

Na san wasu za su ce bursu bai fito ba, gidan abinci ya cika, wa ke ta manhaja? Ni ma cikina na kuka. Amma kwangilar da aka sa wa hannu bana, ƙannenmu ne za su biya ta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan nawa na ranar Lahadi, sai da na hau kabu-kabu zuwa Gaya washegari na tura shi, a makare, aka rage mini maki. Hutu mai zuwa zan koma gindin giginyar nan da wayata, kuma na san Kawu zai sake tambaya. Ina son kafin lokacin wani daga cikinmu ya riga ya tashi a taron majalisar jami'a ya tambayi wa ke riƙe da makullin.